Daimon a Kan Dutsen Niƙa

Ranar da aka kawo lefen ƙanwata daga Argungu, gidanmu na unguwar Nasarawa ya cika har zaure. Dangin ango fataken albasa ne, kuma sun yi ƙoƙari: atamfofi, leshi, takalma, har da zoben zinari a wani ɗan akwati mai jan ƙyalle. Matar da ta jagoranci masu kawo kayan ta ce uwar ango ce ta sa shi da hannunta, kuma dutsen da ke kansa daimon ne. Muka yi guɗa, muka ba da tukuici, suka kama hanya.

Ko kwanar layinmu ba su sha ba Gwaggo ta miƙo hannu. Ƙanwar babanmu ce, sana'arta turara shinkafa, kuma ba ta yarda da abin da ba ta gwada ba. Shinkafa sai ta ciza. Leshi sai ta zaro zare ta ƙona ta sansana. Ni ma da aka kawo nawa lefen sai da ta jiƙa gefen atamfa ta ga ko za ta zuba.

"Daimon in na gaske na, ko guduma ba ta hwasa shi," in ji ta. "Haka munka ji tun muna ɗiya."

Maƙwabta suka ce ƙwarai kuwa. Ta ɗora zoben a kan dutsen niƙan Inna, ta ɗauki ɗan dutsen ta sauke masa sau ɗaya. Zinarin ya lanƙwashe, gefen dutsen ya ɓalle ya faɗa cikin yashi.

"Kwalba ta! Ƙauyawa sunka ɗauke mu!" in ji Gwaggo.

Kafin la'asar ta buga waya Argungu, ta ce in kwalba za su ba 'yarmu, su zo su kwashe akwatunansu. Ƙanwata ta kulle kanta a ɗaki tana kuka. Tana son yaron nan, kuma kowa ya ga auren ya fara rawa.

Da safe na tace yashin da rariya na samo ɓallin, na ƙulle shi tare da zoben a bakin mayafi, na tafi kasuwa wurin wani Alhaji mai sayar da zinari da ke zuwa saro kaya Dubai. Ya maƙala wani ɗan gilashi a ido ya daɗe yana juya dutsen. Ya ce abu huɗu ake dubawa. Launi: wanda ya fi kama da ruwan sha mai kyau shi ya fi daraja, wanda ya ja rawaya yana baya. Sai tsabtar ciki, don wanda aka haƙo daga ƙasa ba ya rasa ɗan tabo, kuma ya ba ni gilashin na ga wani ɗigo kamar ƙwayar gero a can ciki. Sai yanka, yadda gwani ya fere shi har yake mai da haske ido. Sai nauyi, kuma dutse guda ya fi gutsattsari biyu daraja nesa ba kusa ba.

"Wanga na ƙwarai na, Hajiya. Launi nai da yanka nai duk babu laihi. Amma daimon awa icce yake, yana da hanya tai. Ba a iya karce shi, amma in anka buge shi bisa hanyar sai shi tsage. Da mi anka buge shi?"

Na yi ta gyara mayafi. Ya sake tambaya.

"Da dutsen niƙa," na ce.

Ya cire gilashin daga idonsa ya dube ni. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da na kai labari gida, aka ce sai an je Argungu ba da haƙuri. Gwaggo ta ce ƙafarta ta tashi, ba ta iya shiga mota. Inna kuwa kunyar surukai ba ta barin ta taka gidan. Sai ni, babbar 'ya. Na shiga mota, muka wuce Ambursa, shinkafa ta yi kore shar a fadama, ni kuwa ina ta haɗa maganar da zan faɗa tana wargajewa.

Na tarar da uwar ango a tsakar gida tana tsinke busasshen kifi. Na durƙusa, na kwance mayafi, na faɗi duk abin da ya faru da abin da mai zinari ya ce. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ta sa aka kawo mini ruwa. Ta ɗauki zoben ta shafa wurin da ya ɓalle da babban yatsa.

"Mahaihin yaron yas sawo min shi shekarar da munka tahi Makka tare, Allah shi jiƙai nai. Ban taɓa tambaya tai ko na gaske na ba."

Na ce za mu kai a gyara, ko mu nemi wani.

"A'a, ɗiyata. A miƙe zinarin kawai. Nata na, haka nan za ta sa shi ranar biki."

Aka ɗaura aure. Ranar kai amarya ƙanwata na zaune da lalle a hannu da zoben a yatsa, matan Argungu na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai ta kama hannun ta ɗaga, ta duba gefen da ya ɓalle, ta ce Allah sa alheri, sannan ta waiwayo ta gaishe mu.