Ƙyauren da Ɗan'azumi Ya Sauko da Shi daga Nakkasa

Duk wanda ya ci masa a titin Mansur na Makka ya taɓa tsayawa ƙarƙashin aikin Malam Ɗan'azumi, ko bai sani ba, don rabin allunan shagunan nan rubutun hannunsa ne. A Makka aka haife shi, jikan Kanawan da suka ratso Sudan a ƙafa. Mutum ne mai taurin kai, ga rowar yabo, amma hannunsa bai taɓa rawa ba.

Shekara talatin ya yi a wani ɗakin bene a kan tudun Nakkasa, inda su huɗu ke aiki tare: shi, da Taha mai rubutun ado, da Isa mutumin Damagaram, da Hisham. Dokarsu ɗaya ce. Duk wanda ya haɗa launi, sai ya shafa shi a bayan ƙyauren ɗakin kafin ya taɓa aikinsa. Da safe kowa ya duba ƙyaure, ya ga abin da ɗan'uwansa ya gano jiya, ya kushe shi da baki, sannan ya sace shi da hannu. Da haka suka tashi daga zanen masallatai na tsarabar alhazai, suka koma zuba launi da layi zalla, abin da maƙwabta ke kira ɓarnar fenti.

Taha da Hisham suka rasu, Isa ya koma gida. Da aka zo rusa unguwar, sawu ɗaya mai motar kwashe kaya ya yarda ya yi, wurin abu ɗaya ya rage a motar. Maryama matar Ɗan'azumi ta nuna firji, shi ya nuna ƙyaure, ƙyauren kuwa aka ɗauka. Har yau ba ta gama yafe masa ba.

Jikarsa Shahad, mai karatun zane a Jidda, ita ta ga ƙyauren jingine a bayan gidansu, launi bisa launi har ya yi kauri kamar ƙanzo. Ta sa aka kai shi wurin baje kolin zane. Ranar buɗewa tsohon ya sha farar jallabiya, zuciyarsa fal alfahari, sai ya tarar an manna 'yar takarda da sunansa shi kaɗai. Nan take ransa ya ɓaci. Shahad ta ce mai gidan baje kolin ya ce takardar ba ta ɗaukar suna huɗu, kuma babu mai iya rabe aikin wani da na wani.

"Ni ina iyawa," in ji Ɗan'azumi. "Wannan koren na Taha ne. Wannan jan na Isa ne, sati biyu muna faɗa a kansa. In babu su, ku ba ni ƙyaurena in tafi."

Haka ya bi shafa bayan shafa yana kiran mai ita, har mutane suka taru a bayansa. Mai gidan ya sauko, ya ce to ya rubuta sunayen da kansa a bango, tunda sana'arsa ce.

Aka kawo fenti. Ɗan'azumi ya haɗa shuɗi, ya tsoma buroshi. Kafin kowa ya hana shi, hannunsa ya nufi ƙyauren da aka kewaye da igiya, ya shafa, ya ɗan dakata yana jiran wanda zai kushe. Sai ya juya ga bango, ya fara da sunan Taha.