Ramin da Gwaggo Ta Tona

Ban taɓa mantawa da ranar da na nemi a raba Gwaggo da garkenta ba. Gwaggo tsohuwar jakar dawa ce a gidan namun dajin da na yi aiki a bayan Landan. Daga unguwar Catford nake shiga jirgin ƙasa in je. Aikina zuba ciyawa da share fili.

Wata shekara zafi ya tsananta, ciyawa ta bushe. Sai Gwaggo ta tsiri jan garke zuwa kusurwar fili, nesa da kwamin ruwansu, tana tona ƙasa da kofato. In cike ramin da safe, kafin azahar ta sake tonawa. Rannan har bokiti na wurga mata. Allah Ya yafe mini.

A ƙa'idar wurin, dabba mai fitina keɓe ta ake yi. Na je wa shugabar sashenmu, Naledi, 'yar ƙasar Botswana, na ce a keɓe ta.

Ta ce, "Baba Sale, tsohuwa irin wannan in ka raba ta da garke, cin abinci za ta daina. Ka taɓa ƙasar da take tonawa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, shara aka ɗauke ni, ba haƙar rijiya ba."

Ta yi dariya. Ta ce a ƙasarsu idan tafkuna suka ƙafe, jakunan dawa sukan ɗunguma su yi tafiya mai nisa zuwa bakin kogi, damina ta faɗi su juyo. Tsofaffin mata ne a gaba. Inda babu ruwa a sarari, tonawa suke yi.

Muka je na zura hannu a ramin. Danshi! Ashe bututun da ke kai ruwa kwami ne ya fashe a nan. Ɗan ruwan da ke isa kwamin ya ɗumame, ya yi gansakuka. Ni da ke wucewa ta gefensa kullum ban lura ba.

Gwaggo a Ingila aka haife ta, ba ta taɓa ganin dajin Afirka ba, amma ba ta manta da aikin kakanninta ba. Ni kuwa da na bi mahaifina da shanu neman mashaya, na manta.

Ku yara masu shigowa aikin nan, in dabba ta nace wa wuri, ku durƙusa ku taɓa ƙasa kafin ku kai ƙara. Aka gyara bututu, Gwaggo ta zauna cikin garkenta. Ramin kuwa, ranar ni na ƙarasa mata tonon da shebur.