Usta Haruna da Allura Mai Kama da Ruwa

An daɗe da na fara jin wata magana a wurin mai shayi ta bakin layin teloli, a Kasuwar Umdurman, tsallaken kogi daga Khartum. Wai sabuwar allurar ciwon suga da ta shigo gari ba magani ba ce, ruwan famfo ne aka ɗura a kwalba. "Moya sakit," in ji samarinmu da Larabci ya fi zama a bakinsu, wato ruwa zalla. Ban yarda ba. Amma a wannan zamani na soja, da mutum ke waiwayawa kafin ya yi tari, ban ƙaryata da ƙarfi ba.

Ranar Talatar da ta wuce, ina alwalar azahar a gidana a unguwar Umbadda, aka zo aka ce Usta Haruna tela ya faɗi a kan keken ɗinkinsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Likita ya ce zuciya ce. Sai dai tun ba mu baro maƙabarta ba, na ji tsohuwar maganar tana bin sahu tana raɗa.

Ni da Usta jikokin mahajjata ne da suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gida. Tare muka tashi, tare muka tsufa, har ciwon suga bai raba mu ba. Ban taɓa ganin mai bincike irinsa ba. In an kawo masa yadi, sai ya zare zare ɗaya ya ƙona, ya sansana, sannan ya ɗauki almakashi. Yakan ce, "Yadin da bai sha wanki ba, ba a rantsuwa a kansa." Lokacin da baƙin fuskoki suka yawaita zama a kasuwa suna tambayar wa ya ce me, karatunsa ɗaya ne: "Baƙo mai yawan tambaya, ba shi shayi, kada ka ba shi suna." Mutane nawa wannan shirun ya rufa wa asiri, Allah kaɗai ya sani.

Tsohuwar allurarmu fara ce kamar tsinkakken nono. Sai ka murza kwalbar a tafin hannu ta gauraya, safe da yamma. Usta yana ajiye tasa a gindin randa don ta yi sanyi, saboda wutar lantarki ba ta da alkawari, kuma yana murza ta da ladabi kamar mai jan carbi. Amma ta fara kayar da shi. Sugansa ya riƙa faɗuwa yana barci, a tashe shi jiƙe da gumi ana tura masa dabino a baki. 'Yarsa Nafisa, ma'aikaciyar jinya a Khartum, ita ta kai shi wurin likita aka sauya masa da sabuwar, garau kamar hawaye, sau ɗaya a yini, aka ma rage masa awo.

Ya ɗaga kwalbar a rana ya daɗe yana kallo.

"Alhaji Sale," ya ce mini, "an rage yadi, an ce riga za ta fi girma. Ka taɓa jin haka?"

Nafisa ta ce, "Baba, aikinta a hankali take yi, tana bin jiki har gobe. Ba a murza ta, ba a haɗa ta da wata a sirinji."

"To me zan yi da hannuna?"

Daga nan ya juyo kaina, don ya san ni ma likita ya rubuta mini irinta ina ta ja da baya. "Kai ka fara. In ka kai Juma'a, na bi ka."

"Wato ni ne zaren da za ka ƙona?"

"Ai ka fi ni arha," in ji shi.

Na fara. Kullum da safe sai ya leƙo shagona ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Har yanzu?" Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, sannan ya yi bisimilla ya soka. Tun daga ranar, Nafisa ke karɓo mana tare, daga wuri ɗaya, ta raba mana. Gumin barci ya tafi. Bai taɓa yabon allurar ba, ba halinsa ba ne, abin da ya ce kawai, "Ta sha wanki." Kuma har ya bar duniya yana murza kwalbar a ɓoye, hannu ya saba.

Na rubuta wannan ne saboda abin da kunnena ya jiyo a zaman makoki. Ana cewa 'yar boko ta raba uba da maganinsa ta ba shi ruwa. Masu faɗin haka ba su taɓa tashinsa cikin gumi ba. Ni ban san abin da ke cikin kowace kwalba a garin nan ba, kuma ba zan rantse a kan yadin da ban wanke ba. Amma wannan na wanke shi da jikina. Abin da ya shiga cinyar Usta shi ya shiga tawa, ga ni ina riƙe da alƙalami.

Allah ya jiƙan Usta Haruna, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya yalwata masa kabari. Allah ya ba matarsa Hajiya Asabe da 'ya'yansa haƙuri, ya tsare su daga harshen da ba ya auna magana.

Maganar nan na ji ta a bakin mai shayi, na ji ta a mota, na ji ta a maƙabarta, duk ba ta hana ni cin tuwo ba. Wadda ta hana ni, jiya na ji ta a zauren marigayi, daga wadda ta durƙusa ta miƙo mini kason allurar mahaifinta da ya rage, ta ce: "Baffa, don Allah gaya mini gaskiya, ko dai ruwan ne?"

Nafisa ce.