Mayen Ƙarfe a Makabartar Muciya

Asabar: daga Kaduna zuwa Kwangila

Ladanin unguwarmu bai gama kiran assalatu ba na kulle ɗaki, na rataya jakar kwamfuta, na tari keke zuwa tashar Kawo. Barcin kirki kam ban yi ba, don tun ranar Alhamis raina yake a ɓace.

Sunana Saratu. Ina aiki a wani kamfanin tsara birane, kuma an ba mu aikin tsara wani yanki na Sabon Garin Zariya. Hoton tauraron ɗan'adam muke ɗaukowa mu shimfiɗa a kwamfuta, mu ɗora masa hanyoyi da magudanan ruwa da gidaje da kasuwanni, kowanne da tasa shimfiɗar. Shi ne ake kira GIS. To, ranar Alhamis ɗin nan na leƙa allon abokin aikina, sai na ga wani fili a bayan Muciya, dab da layin dogo, an shafe shi da ruwan ɗorawa an rubuta masa "sabuwar tashar mota". Na san filin nan sarai. Tsohuwar makabartar ma'aikatan reluwe ce, kuma babana yana kwance a cikinta.

Na tafi wurin ogana, Malam Shehu, ina huci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juyo mini da allon.

"Saratu, ban ƙaryata ki ba. Amma dubi hoton nan da idonki. Ina kabari? Ciyawa ce da dalbejiya uku da awaki. Ranar Litinin za mu miƙa tsarin. Kawo mini shaidar da zan iya ɗorawa a kan taswira, in ɗauke tashar."

Na ce a ba ni motar ofis. Ya ce tana gareji. Na ce to, ƙafata ba ta gareji.

A Kawo aka cusa mu huɗu a bayan ƙaramar mota, ni da wata mai buhun citta a cinya da wasu maza biyu da suka yi gardamar ƙwallo har Maraban Jos. Kafin Jaji muka tarar da shinge. Soja ya leƙo, ya nuna jakata ya ce me ke ciki. Na ce masa garin Zariya ne gaba ɗaya a ciki. Ya tsaya yana kallona. Direba ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, kwamfuta ce, malamar makaranta ce." Da muka wuce ya waiwayo ya ce, "Don girman Allah, Anti, ki riƙe bakin nan naki har mu sauka lafiya." Na riƙe. Hantsi bai yi ba muka sauka a Kwangila.

Samaru

Daga Kwangila na hau keke zuwa Samaru, wurin Malam Nuhu. Ajinmu ɗaya a jami'a, yanzu kuma shi ke koyar da aikin taswira. Na same shi a rumfar mai waina yana karyawa, ya sa aka zuba mini da miyar taushe, na ci ina yi masa bayani.

Abin da ya kawo ni wurinsa na'urar GPS ce, irin mai sanda, wadda ba ta kuskure. Wayar hannu takan kauce da nisan da ya fi faɗin kabari sau da yawa, sai ki auna na wani ki ba wani. Shirina mai sauƙi ne. A makabartar nan ba a taɓa yin gicciyen katako ba, saboda gara. Ma'aikatan reluwe guntun ƙarfen dogo suke kafa wa mamacinsu a wajen kai, a walda masa wani a gicciye. Daga sama ƙarfe tsaye ba ya fitowa a hoto, shi ya sa tauraro bai gan su ba. Ni dai in tsaya a kan kowane ƙarfe, in danna, in wuce.

Nuhu ya ce, "Na'urar nan ba ta kwana a hannun kowa."

Na ce, "To, sai ka biyo ta."

Ya yi dariya ya ce har yanzu ban canza ba. Wata ɗalibarsa da ke gefe ta ce, "Sir, no wahala, ni zan gaya wa class." Haka ya saɓa sandar a kafaɗa muka fita neman keke, mai keke kuma ya nemi ya caje mu kuɗin mutum uku, wai sandar ma fasinja ce.

Muciya

Gwaggo Laraba, ƙanwar babana, ita ce ta rage mana a Muciya. Ta rungume ni, ta gaisa da Nuhu, ta ce sai mun ci fate tukuna. Na ce fate ya jira, makabarta za mu. Sai na ga ta hau gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

"Saratu, zauna mana."

"Gwaggo, mene ne?"

"Je ki dai ki gani. Ban gaya miki ba ne don na san halinki."

Muka bi ta bayan coci, muka tsallake kwata, muka fito filin. Wayyo Allah! Ko ƙarfe ɗaya babu. Tun bara, in ji Gwaggo, wasu suka riƙa zuwa da zarto suna yankewa suna sayar wa masu awon ƙarfe, har suka share wurin tas. Ruwan sama ya baje tudun kaburburan, ciyawa ta rufe, awaki suna kiwo. Abin da tauraro ya gani, shi na gani da idona.

Na ce, "Gwaggo, ina Baba?"

Ta nuna wajen dalbejiya ta tsakiya, sannan hannunta ya karkata hagu, ya dawo dama, ya sauka. Ta ce, "Da ƙarfen nake gane shi."

Ban yi kuka ba. Haushi ne ya cika ni har wuya. Nuhu ya ce a hankali, "Ko mu auna kewayen filin kawai?" Na ce kewayen fili ai shi ne yake kan taswira tun farko, kuma shi suka shafa wa ruwan ɗorawa. Malam Shehu kabari ya ce in nuna masa.

Muna tsaye sai ga wani ɗan jari-bola ya biyo gefen layin dogo da kurarsa, yana jan wani abu a ƙasa da igiya. Na yi kansa. Na ce, "Kai! Ku ne ɓarayin matattu ko?" Bawan Allah ya rantse ya maya shi ƙusa da murfin kwalba kawai yake tsinta, ya ɗago igiyar ya nuna mini. Mayen ƙarfe ne na cikin tsohuwar lasifika, ƙusoshi sun manne masa kamar gashin bushiya.

Na tsaya ina kallon abin nan. Wanda ya zo da zarto ai bai tona ƙasa ba. Daidai ƙasa ya yanka, ya bar gindin a ciki. Na ba mutumin haƙuri, na roƙi aron igiyarsa, na shiga ciyawa ina ja. Ban yi nisa ba na ji ƙat! Igiya ta tsaya. Na durƙusa na share ƙasa da hannu, sai ga bakin ƙarfen dogo, da sawun zarto a kansa.

Na ce, "Nuhu, kawo sandarka."

Kasuwar Sabon Gari

Maye ɗaya ba zai gama filin nan kafin Litinin ba. Gwaggo ta ce mu je wurin Oga Emeka mai gyaran rediyo, shi ma mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, direban jirgin ƙasa, can aka binne shi. Muka same shi a shagonsa cikin kasuwa, lasifikoki matattu jibge har rufi. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi tawa santsi, amma da ya ji za a yi tasha a kan mahaifinsa sai Hausar ta gudu.

"Motor park? For my papa head? God forbid!"

Ya ɗauko sukundireba ya hau farke lasifikoki, har da wata sabuwa da aka kawo masa gyara. Na ce wannan fa ta mutane ce. Ya ce, "Ƙanwata, mai ita zai ji bayani." Muka sayi igiyar rijiya muka yayyanka, muka ɗaura wa kowane maye tasa. Nuhu kuwa sai ja da baya yake da na'urarsa, yana roƙon kada wanda ya matso da maye kusa da ita ko kusa da kwamfutata.

Da yamma na ci faten Gwaggo, da yakuwa da gyaɗa, har na nemi ƙari. Nuhu ya koma Samaru da na'urarsa, ya yi alkawarin dawowa da safe.

Lahadi: makabarta

A cocin su Gwaggo, fasto ya ba ni dama bayan wa'azi. Na tashi na faɗi abin da ke tafe, ban yi wa kowa kwalliyar magana ba. Na ce duk mai mamaci a filin nan ya zo da lauje ko fartanya, wanda ba shi da mamaci ya zo da ruwan sha. Oga Emeka shi ma ya faɗa a cocinsu.

Aka zo. Hausawa da Ibo da Yarabawa da mutanen kudancin Kaduna, wasu ko kayan coci ba su cire ba. Maza suka sare ciyawa, muka jeru kamar masu shuka, kowa da igiyarsa. In maye ya kama, sai a yi kira, a share ƙasa, Nuhu ya zo ya kafa sandarsa ya danna, ni kuma in ɗauki hoto. Wani lokaci gwangwanin madara ne ko tsohon kwaɗon ƙofa, a yi tsaki a wuce. Wata tsohuwa Bayarabiya ta gane na mijinta da wata ƙusa da aka lanƙwashe a gindi, ta zauna a wurin ta ƙi tashi. Oga Emeka bai iya tantance na mahaifinsa ba, sai ya bi layin da yake zato gaba ɗaya yana cire hula a kan kowanne. Da azahar Nuhu ya miƙa mini sandar, ya koma gindin dalbejiya ya yi sallarsa, matan zumuntar coci suka sassauta waƙarsu har ya idar.

Rana ta karkata, ni ban sami nawa ba. Na ja igiya a hagun dalbejiya, na ja a dama, tafin hannuna ya yi kanta. Gwaggo ta ce in huta, ai ko yanzu shaida ta samu. Na ce shaidar Malam Shehu ta samu, tawa ba ta samu ba.

Can bayan bishiyar, inda ba wanda ya zata, maye ya kama. Na sa fartanya sai na ji ta daki abu mai faɗi. Siminti ne, zagayayye, a bakin tsohon bokiti.

Gwaggo ta dafa kafaɗata. "Shi ne. A bokiti muka kafa nasa, muka cika da siminti don kada ruwa ya kayar. Share gefen can."

Na share. A jikin simintin akwai sawun hannu, ɗan ƙarami, yatsu biyar a baje.

"Naki ne," in ji Gwaggo. "Kina 'yar firamare. Aka ce ki matsa, kika ƙi, kika danna hannu kika ce don Baba ya san kin zo. Har na make ki."

Ni ban tuna ba sam. Na ɗora hannuna a kai, ya rufe shi ruf har da saura. A nan kukan da na riƙe tun Alhamis ya ƙwace mini. Nuhu ya jira har na share fuska, sannan ya miƙo sandar ya ce, "Wannan ke za ki danna."

Litinin: komawa Kaduna

Da asuba Gwaggo ta raka ni bakin titi da ƙullin ƙuli-ƙuli. Na sami mota a Kwangila, a shingen Jaji kuma ban ce uffan ba. Ban biya gida ba, ofis na zarce da jar ƙasar Muciya a takalmina.

Na zuba abin da muka auna a kwamfuta, na kira Malam Shehu. A kan ruwan ɗorawan nan ɗigo-ɗigo suka fito layi-layi, a jere kamar kujerun coci, daga bakin kwata har layin dogo. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya danna ɗigo ɗaya, hoton bakin ƙarfe ya fito. Ya danna wani, ya ga sawun hannu a siminti. Bai tambaye ni na wane ne ba.

"Allah Sarki," ya ce. "Saura kaɗan mu ɗauki alhakin bayin Allah." Da hannunsa ya goge tashar, ya rubuta "makabarta", ya sa a nemo wa motoci wani wuri. Ya kuma ce daga yau kada a sake kiran wani wuri fili a ofishin nan sai an taka shi da ƙafa.

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Nuhu, da Oga Emeka da har yanzu yake ba mai lasifika haƙuri, da ɗan jari-bolan da na zaga ba da laifinsa ba, da duk wanda ya ja igiya a ranar nan.

Da na isa ɗaki na kira Gwaggo. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"An ɗauke tashar?"

"An ɗauke, Gwaggo."

Sai ta ce, "To, madalla. Yayana ya sha ƙarar jirgi duk rayuwarsa. A bar shi ya yi barcinsa."