Damunar da Na Saƙa wa Goɗiyarmu Riga

Shekarun baya, wajen lokacin da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, muna zaune ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, a wani ɗan ƙauye a bakin tafki, ta yankin Wara. Ba mu da wata dukiya mai yawa. Tumaki ne 'yan kaɗan, da kaji, da ɗan fegin auduga a bayan gida wanda nawa ne ni kaɗai, sai goɗiya guda, ja mai farin goshi. Goɗiyar ma ba tamu ba ce duka. A wajenmu akan raba goɗiya ƙafa-ƙafa. To ƙafa biyu na maigidana ne, ƙafa biyu na ƙanensa da ke zaune can tudu ta wajen Shanga. Mu ke kiwo, abin da ta haifa a raba.

Ba don ado muke riƙe da ita ba. Kurkunu ya taɓa fito wa maigidana a gwiwa, ya warke, amma ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Gonarsa kuwa tana da nisa, sai an ratsa wani kurmi mai rafi kafin a hau tudu. In yana tsaye a kunya da fartanya a hannu, babu mai ce masa gurgu. Tafiyar ce ba ya iyawa. Goɗiyar nan ita ke kai shi, ita ke dawo da shi.

Ana nan, ana gab da ruwan shuka, sai ga ƙanen nasa a kan keke. Ya ci tuwo da miyar kifi, ya wanke hannu, ya tafi turke ya daɗe yana shafa cikin goɗiyar, don a lokacin tana da ƙaramin ciki. Da ya dawo ya zauna a gefen tabarmar wansa ya ce, "Yaya, bana kam zan tafi da ita tudu. Ka dai ga abin da tsando ya yi wa dokin mai unguwarku bara."

Wanda bai zauna a bakin ruwa ba bai san tsando ba. Ƙuda ne mai cizo, a inuwar kurmi yake zama. In ya dame dabba da cizo sai sammore ya kama ta, tana ci tana ramewa, har wata safiya a iske ta kwance.

Maigidana ya ce, "In ka tafi da ita, gonar fa?"

"Ka bar gonar bana, ka huta. In na yi girbi zan aiko maka da dawa. Kai da matarka dami nawa za ku ci?"

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma ina daga bayan zana ina tankaɗe, na ga maigidana ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafar nan tasa. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa cin hatsin da ba shi ya noma ba. Ban san lokacin da na ajiye rariya na fito ba. Da wan miji ne, ko inuwarsa ba zan taka ba. Amma ƙanen miji abokin wasa ne, ana iya faɗa masa magana.

Na ce, "Kai ɗan ƙaramin mijina, ka zo ka cinye mini tuwo kuma ka kwance mini doki?"

Ya ce, "Matar Yaya, ke za ki tsare ta daga tsando? Ko bin ta za ki riƙa yi da mafici har gona?"

Na ce, "Riga zan yi mata."

Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa. Da ya lafa ya ce, "To, na ji. Na ba ki zuwa maimai, lokacin noma na biyu. Da ragama zan zo. In na hango haƙarƙarinta daga ƙofar gida, tafiya zan yi da ita, kuma ba na son kuka."

Gaskiyar magana, bakina ne ya riga hankalina. Sai bayan ya hau kekensa na zauna ina tunanin wace irin riga ce wannan. In zane ne mai kauri, zafi zai kashe ta kafin tsando. Sai na tuna hannun mahaifina. Mu asalinmu mutanen gungu ne, na tsakiyar kogi, kafin ruwa ya ci garuruwanmu a kwaso mu tudu. Mahaifina taru yake saƙawa na kamun kifi, a gefensa na koyi ƙulli. Kaɗi kuwa a wajen Inna, mahaifiyata, na koya. Na ce to bari in haɗa su biyu, in yi taru na zaren auduga, mai ƙananan idanu, iska ta shiga ƙuda ya kasa.

Na sauko da audugata duka, wadda nake tarawa don zanen salla. Na gurje ta a kan dutse na fitar da iri, na shiɓe ta da baka har ta tashi kamar kumfa. Daga nan sai mazari. In na gama abincin safe in zauna a gindin durumi, in shafa alli a yatsa, in yi ta murzawa har la'asar. Abawa nake kaɗawa, zare mai kauri, ba siririn zaren zane ba. Matan maƙwabta suka ji labari, wasu suka zo da mazaransu, rabi don taimako rabi don dariya. Wata maƙwabciyata Bakambara, 'yar coci ce, hannunta ya fi na kowa sauri, kullum sai ta ce, "In kin gama rigar sai ki yi mata ɗankwali, kada ta shiga gari kai buɗe." Haka muka yi ta yi, ana kaɗi ina ƙulli. Nakan je turke in auna bayanta da taƙi, in dawo in ƙara.

To a nan ne son a yaba ya shige ni. Da rigar ta kammala na shimfiɗa ta a tsakar gida, fara fat, sai na ga kamar aikin da ba a gama ba. A wajenmu macen da ta san kanta ba ta fitar da zarenta ga idon jama'a bai ga marina ba. Ga shi kuma ƙanen miji zai zo dubawa. Na naɗe ta na kai wa marini ranar kasuwa, na ce ya tsoma mini ita a baba har sai ta yi baƙi tana ƙyalli. Ya tambaye ni ta wane mutum ce mai faɗin baya haka. Na ce ta wata hajiya ce da ba ta magana.

Ranar da aka sa mata, garin nan kaf ya fito. Masunta suna cewa yau taru ya kama abin da ya fi giwan ruwa. Ni ko ina tsaye a ƙofar gida ina jin kaina a sama. Maigidana ya hau, suka nufi gona.

Rana ba ta kai tsaka ba sai ga goɗiya ta dawo ita kaɗai, jikinta na ɓari, cikinta da wuyanta duk ɗigon jini. Can sai ga shi an goyo shi a keken wani, rigarsa duk taɓo. Ya ce suna shiga kurmi tsando ya taso musu kamar an kira shi da kalangu, bai taɓa ganin irinsa ba, duk a kan rigar yake sauka, yana bin idanun yana cizo. Goɗiya ta yi tsalle ta zubar da shi a bakin rafi. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ina gasa masa kafaɗa da ruwan zafi ya ce a hankali, "Kin yi ƙoƙari. Gobe a aika wa yaron nan ya zo ya ɗauki abarsa."

Na ce, "Malam, ka ba ni kwana biyu in je in ga Inna."

Inna tana ƙauyen gaba da namu, a gidajen simintin nan da aka gina wa mutanen gungu. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, amma idonta garau. Na warware mata rigar. Ta bi ƙullin da yatsa, ta ja, ta jinjina kai. Sannan ta kai ta hanci ta shaƙi warin baba, ta dube ni.

"Ɗiyata, wa ya ce ki rina?"

"Ba kowa, Inna."

"Tun kina ƙarama, kin taɓa ganin na shiga jirgi da baƙin zane in za mu bi ƙarƙashin itace? Kin taɓa ganin ubanki ya tahi su a kogi da shuɗiyar riga?"

Ban taɓa gani ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

Ta ce, "Tsando baƙi yake bi, da shuɗi. Fari ba ya ɗauke masa ido. Kin yi aikin ubanki da kyau, sannan kin rataya wa dabba abin kiran ƙuda. Ki sake wata, ki bar ta yadda Allah ya yi auduga. Ki sakar mata geza a ƙarƙashin ciki da goshi, tana tafiya tana kaɗawa."

Na ce, "Inna, ba ni da sauran auduga ko ta lagwani. Ta bana kuwa ko tsiro ba ta yi ba."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ƙuryar ɗaki. Na ji tana buɗe tukunya. Ta fito da ƙullin tsumma ta ajiye a gabana, ta kwance. Curin zare ne farare, kaɗin hannunta, sumul kamar ba mutum ya yi ba. Ina gani na gane. Tsofaffinmu na da ba sa yarda a naɗe su da yadin kanti. Mace takan kaɗa zaren likkafaninta da kanta, ta ɓoye, in ya isa ta kai wa masaƙi. Nata ke nan, shekara da shekaru tana tarawa.

Na ce, "Wannan kam ba zan ɗauka ba. In ta Allah ta kasance kafin kaka fa?"

Ta ce, "Sai in dakata. Ɗauki ki ba ni wuri, kin cika ni da surutu. Ki ninka shi uku ki murɗe, siriri ne."

A hanyar komawa na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ina isa gida na share fuska na hau aiki. Wannan karon babu mai dariya a gindin durumi, don matan sun san zaren da ke hannunmu. Maƙwabciyata ita ta yi gezar, ni ina ƙulli. Da muka gama na jiƙa rigar a ruwan ganyen darbejiya, na shanya, ta fito da ɗaci-ɗacinta. Maigidana kuma ya canza lokacin fita, ya riƙa ratsa kurmin tun da sanyin safiya kafin ƙuda ya ji rana. A turke ina hura mata hayaƙin ɗanyen ganye.

Ba zan ce ko cizo ɗaya ba ta ƙara samu ba, ƙarya ke nan. Takan dawo da ɗaya ko biyu a ƙafa, in wanke in shafa man kaɗanya. Kowace safiya sai na je na duba idonta da bayanta. Kwanci tashi aka yi shuka, aka yi noman farko, dawa ta kai gwiwa.

Ranar da ƙanen nasa ya zo, da ragamar ya zo kamar yadda ya faɗa, a rataye a wuyan keke. Ya iske wansa bai dawo ba, ya zauna yana tsokanata, wai ya ji labarin hajiyar da ta kayar da Yaya. Muna cikin haka sai ga su. Goɗiya tana tafe a natse, geza na rawa a ƙarƙashinta, maigidana a kai da fartanya a kafaɗa da damin ciyawa a baya.

Ya tashi ya tare su. Ya ɗage rigar ya shafa haƙarƙari, ya buɗe mata ido ya duba, ya ja ta ya kewaya gida da ita, ya dawo ya sa kunne a cikinta. Ya daɗe.

Can ya ce, "Yaya, yaya dawar?"

Maigidana ya ce, "In ka rasa ta ci bana, ka aiko."

Ya yi murmushi, ya juyo wajena. "Matar Yaya, wannan rigar ƙafa nawa ce tawa a ciki?"

Na ce, "Ko kofato."

Ya ci tuwonsa, ya hau kekensa, ragamar tana nan a inda ya rataye ta.

Bayan an yanke dawa goɗiya ta haifi duƙushi, namiji, lafiyayye. Audugar farko da na tsinka a shekarar kuwa ban taɓa ta da komai ba sai da na kaɗa wa Inna zarenta na kai mata. Ta duba ta ce ya yi gargada, amma za ta yi haƙuri da shi. Ta cika alkawari kuma, ta dakata, har ta ga jikan goɗiyar nan.

Yau yatsuna sun ƙage, ba na iya murza mazari, kuma babu mai zuwa gona a kan doki, kowa babur. Jikokina in na ba su labarin nan abin da ke ba su dariya shi ne baƙar rigar, ni ma nakan taya su. Na koyi tambayar tsofaffi dalilin abin da na ga suna yi, tun suna da bakin amsawa. A rayuwata na saƙa abubuwa da yawa, na aurar da 'ya'ya da zanen hannuna, amma in an ce in nuna aikin da nake alfahari da shi, rigar dabbar nan zan nuna. Mutumin nan ya rayu shekaru masu yawa bayan haka da ƙafa ɗaya mai aiki, kuma har ranar da aka ɗauke shi daga gidan nan, bai taɓa zama a ƙofa yana jiran damin wani ba. Tuwon da na tuƙa wa masu zaman makokinsa ma, da dawar gonarsa na tuƙa.