Riga Goma Sha Ɗaya da Ɗankwali

Idan ka shiga ɗakin wanki na otal ɗin da ke bayan tashar mota ka ce kana neman Malam Af, ba mai tambayarka wanne. Shekara ashirin da bakwai yana nan tsakanin kwatamin wanki da teburin guga, dogo, siriri kamar tsinken tsintsiya, yatsunsa duk sun yamutse don ruwan sabulu. Sunan kuwa daga bakinsa aka tsince shi. Duk abin da ka tambaye shi, sai ya dafe goshi ya ce, “Af! Na manta.”

Ba ƙaramar mantuwa ba ce, jama'a. Sau uku yana zuwa aiki a keke, ya koma gida a ƙasa, ya tayar da unguwa da ihun an sace masa keke. Amma babban laifinsa, wanda matarsa ba ta gama magana a kai ba har yau shekara goma sha ɗaya, shi ne ranar da ya ɗauko ta a bayan keke ya kai ta wurin likitan haƙori. Ya ce ta jira shi a ƙofa zai sayo mata ruwa. Ya sayi ruwan, ya shanye, ya wuce gida abinsa, ya ci abinci ya miƙe ƙafa, sannan ya tambayi yara, “Wai ina mamanku ta shiga ne?” Awa huɗu ta yi a kan benci da kumburarren kumatu.

Abin haushin shi ne, mutumin nan ba ya manta tufafi. Baƙon da ya kwana a otal shekara shida da suka wuce zai dawo, Malam Af bai san sunansa ba, bai tuna fuskarsa ba, amma da ya ga kafaɗarsa sai ya ce, “Yallaɓai, ina rigar nan mai ruwan toka da maɓalli na uku ya ɓalle? An ɗinke kuwa?” Zanen gado ɗari biyu ne a otal ɗin, kowanne ya san tabon da ke jikinsa da ɗakin da aka yi shi.

Ana nan sai aka kawo injinan wanki guda uku, manya, masu ƙofar gilashi da maɓallai rututu. Manaja ya tara masu wanki su tara, ya raba musu takarda. Matakai goma sha biyu ne na tayar da injin da kashe shi. Nan da mako biyu injiniya zai zo, kowa ya karanto su da ka, a jere, ba takarda. Mutum huɗu za a riƙe, biyar za a sallama.

Sauran takwas suka juyo suka kalli Malam Af da tausayi, irin kallon da ake wa majinyaci. Shi kuwa ya ninke takardar ya sa a aljihu. Shekararsa hamsin da shida, bai iya komai ba sai wanki da guga. Idan aka sallame shi, ina zai nufa? Washegari takardar ta fito daga wanki ta zama kunu, don ya manta ta a aljihun.

Autarsa, malamar firamare ce, ta karɓo wata takardar ta ce, “Baba, kwantar da hankalinka. Yara arba'in nake cusa wa karatu kullum, kai ɗaya ba za ka gagare ni ba.”

Ya gagare ta.

Ta fara da maimaici: ya faɗi kowane mataki sau ashirin. Kafin ya kai na biyar, na ɗaya ya tsere ta taga. Ta mayar da matakan waƙa. Ya riƙe muryar waƙar tsaf, har yana kaɗa kai yana buga teburin guga, kalmomin ne dai kullum sababbi. Ta ce an ce kifi yana buɗe ƙwaƙwalwa, aka shiga dafa masa kan kifi safe da rana, har kyanwoyin unguwa suka fara raka shi aiki. Ta ɗaura masa zare a yatsu, kowane zare mataki guda, biyu a manyan yatsun ƙafa. Da yamma ya dawo yana tambayar wa ya ji masa ciwo. Ta naɗi muryarta a wayarsa don ya riƙa saurare a hanya. Kwana biyu ana neman wayar, aka same ta a cikin firji, kusa da kifin.

Ranar da ya rage kwana huɗu, Auta ta zauna a ƙofar kicin ta fashe da kuka. Malam Af ya zauna gefe ya yi tagumi. Kunya ta ishe shi, ga tsoro, ga warin kifi.

Matarsa tana ɗinke wuyan wata riga, ko kallonsu ba ta yi ba. Can ta ce, “Baban yara, ranar da ka shanya ni a ƙofar likita, me na sa a jikina?”

“Shuɗin ɗankwali mai ɗigon fari,” in ji shi, ko numfashi bai ja ba, “da rigar nan mai hannu uku-kwata wadda dutsen guga ya ɗan lasa a gefen hagu.”

Ta ajiye allura. “Ka ji mutum! Ni ka manta, ɗankwalina ka riƙe. Auta, share hawayenki. Kan ubanki ba a huje yake ba, igiyar shanya ce. Abin da ba tufa ba ne ba ya zama a kai. Tashi ki buɗo min akwatuna.”

Nan take aka zazzage gidan. A tsakar gida, a kan igiya, aka jera kaya goma sha biyu. Na ɗaya tsohuwar rigar aikinsa mai manyan aljihu huɗu: a duba aljihu. Na biyu riga mai zanen fari da baƙi: a ware farare daga masu launi. Wata jibgegiyar kwat da surukinsa ya ba shi, mai nauyin ɗan akuya, ita ce a auna nauyin kaya. Rigar sanyi mai zif, a rufe ƙofa. Suwaitar da ya taɓa dafawa a ruwan zafi ta koma ta ɗan shekara goma, a zaɓi zafin ruwa. Koriyar riga, a danna koren maɓalli. Rigar ruwan sama, a saki ruwa. Da aka zo na ƙarshe, a kashe wuta daga bango, matar ta ciro shuɗin ɗankwalin nan daga cikin akwatinta ta rataya. Ta ce, “Shekara talatin ina ce maka ka kashe wuta kafin ka fita. Idan ka ga wannan, ka ji muryata.”

Malam Af ya bi igiyar sau ɗaya yana shafa kowace riga. Ya dawo farko, ya karanto goma sha biyun ba gargada. Auta ta saki guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Saura matsala ɗaya: ba a shiga gaban injiniya da igiyar shanya. Wannan karon dabarar daga Malam Af ta fito, kuma ya yi alfahari da ita sosai. Ya ce, “An hana takarda. Wa ya hana mutum sa kayansa?”

Ranar jarrabawa da safe, uwa da 'ya suka shirya shi. Da hankali suka yi, a jere, kamar yadda Auta ke son komai: ta ɗaya, sannan ta biyu a kanta, sannan ta uku. Suwaitar nan sai da aka sa gwiwa a bayansa kafin ta shiga. Da aka gama, siririn mutumin nan ya koma kamar katifar da aka naɗe, hannuwansa a buɗe sun ƙi sauka, ɗankwali a wuya. Mutum uku ne a ɗakin, har da malamar makaranta, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin wace riga ce za ta fara fita.

Matar ta ce ba za ta bar shi ya tafi shi kaɗai ba, kada ya manta inda za shi. Ta hau bayan keke ta riƙe rigar ruwan sama. Rana ta take, mutane a bakin titi suna nuna su. A ƙofar otal ta sauka ta zauna a bencin maigadi, ta ɗaga yatsa ta ce, “Ina nan. Ka ji ko? Ina nan.”

Aka kira shi na bakwai. Injiniya yana zaune da takarda, manaja a tsaye a gefe. Manaja ya ce, “Malam Af, lafiya? Zazzaɓi kake?”

“Lafiya lau, ranka ya daɗe.”

“To bismillah. Mataki na ɗaya.”

Ya warware ɗankwali daga wuya, ya ɗaga murya. “Na ɗaya, a kashe wuta daga bango!”

Injiniya ya ɗago kai. “Ai ba a kunna ba tukuna.”

Malam Af bai ji ba, ya riga ya ɗau hanya. Yana tuɓewa yana karantowa, gumi na zuba. Ya kwashe kaya daga injin kafin ya zuba su. Ya saki ruwan da bai tara ba. Ya danna kore, sannan ya zuba sabulu, sannan ya rufe ƙofa. Yana raguwa kamar albasa, tsibin riguna yana tashi a gabansa, abokan aikinsa a bakin taga sun toshe baki da tawul. Ya zo kan tsohuwar rigar aiki, ya buga ƙirji ya ce, “Na ƙarshe, a duba aljihu!”

Injiniya ya bi takardarsa da biro daga ƙasa zuwa sama, ya sake bi. Ya ce, “Tun da nake ban taɓa ganin haka ba. Bai tsallake ko ɗaya ba, amma kaf a baibai. Baba, wanda ya bi naka, datti zai mayar wa kaya.”

Sai a lokacin Malam Af ya gane. Ya ce a hankali, “Af.” Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Manaja ya fara gyaran murya irin ta sallama, sai injiniya ya tare shi. “Dakata. Ni aiki nake nema, ba karatu ba. Baba, ga injin, ga kaya a gabanka sun jiƙe da gumi. Wanke su mu gani.”

Kun ji mugunta? A ce mutum ya ɗauki ƙwaƙwalwarsa da hannunsa ya zuba a injin wanki! Amma ba yadda zai yi. Ya cusa ɗankwalin a aljihun wando, don launinsa yana zuba, wannan kam ya sani. Ya lalube aljihunan riguna, ya ware farare gefe, ya auna sauran, ya zuba, ya rufe ƙofa. Sabulu, zafin ruwa, kore. Injin ya ɗauka. Ta gilashi yana kallon kwat ta danne suwaita, rigar ruwan sama ta haye koriya, komai ya cakuɗe. Ya tsaya daga shi sai singileti da wando.

Ashe kwana huɗun da ya yi yana bin igiya yana shafa riguna, hannuwansa sun haddace abin da kansa ya ƙi. Ya saki ruwa a kan lokaci, ya matse, ya jira ƙofa ta buɗe da kanta, ya kwashe, ya share matatar injin. Ya juya zai tafi. Hannunsa ya shiga aljihu neman abin share gumi, ya ji ɗankwali. Ya koma da sauri ya kashe wuta daga bango.

Injiniya ya rubuta wani abu ya miƙa wa manaja. Manaja ya karanta, ya girgiza kai, ya ce, “Gobe ƙarfe bakwai, injin na tsakiya naka ne. Don Allah ka zo da riga ɗaya.”

Murna ta rufe Malam Af. Ya ɗaure jiƙaƙƙun rigunan a bayan keke, daidai wurin da fasinja ke zama, ya fita ta ƙofar baya yana waƙar Auta da sababbin kalmomi. Ya wuce tashar mota, ya wuce shagon mai faci, burinsa ya isa gida ya gaya wa matarsa. A mahaɗar titi gumi ya shiga masa ido, ya zaro abin da ke aljihu ya goge fuska, ya dube shi. Shuɗi, mai ɗigon fari.

Birkin da ya taka sai da mai faci ya miƙe tsaye.

Ya juya keke ya koma otal a guje. Matar tana nan a kan benci, ta ɗora jaka a cinya, tana kallon agogon maigadi. Ya diro yana haki. Da kyar ya ce, “Maman yara, sun riƙe ni.”

Ta daɗe tana dubansa, shi da singiletinsa da tsibin kayan da ke ɗiga a wurin zamanta. Idonta ya ciko. Ta karɓi ɗankwalin ta share, ta ce, “Minti goma sha biyar. Wancan karon awa huɗu ne.” Ta ninke shi ta mayar masa cikin aljihu, ta danna da tafin hannu. “Bar shi a nan. Sauke kayan nan ka ɗora min a cinya, mu je gida.”