Fetur a Ƙwaryar Kakata

Warin fetur ba na son jin sa, kuma ku zauna in gaya maku dalili.

Shekarar da rijiyar gidanmu ta rufta, a ƙauyenmu na bayan Daudawa, damina biyu kafin aurena, kakata ta zana ƙwaryarta ta ƙarshe. Sana'arta ke nan. In duma ya bushe sai ta zauna gindin rumbu da 'yar wuƙa, ta yi ta tsaga layi sirara kamar gashi. Sannan ta kankaro baƙin tukunya, ta kwaɓa da man kaɗanya, ta goga har ya shige tsagar, ta share saman da dusa. Sai ka ga zabi sun fito a jere, baƙi wuluk.

Mata kan kawo mata tsofaffin ƙorai ta gyara. Ruwan tsamiya take sa wa hayaƙi, ruwan toka ga maiƙo, amma toka ba ta kusantar zane. Da gashin kaza take bi, kwana uku a ƙwarya guda. Takan ce mani, "Ke, datti daban, tsufa daban."

Da 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo Ƙanƙara, na bar gado, na bar awaki. Ƙwaryar nan na ƙunsa a zani.

Ina da jika mai fentin ƙofofi, da fetur yake wanke burushinsa. Ya ga ƙwarya ta yi duhu. Ina gidan suna ya jiƙa tsumma ya bi ta ciki da waje. Na dawo na iske shi yana murmushi.

"Hajiya, duba, ta yi fes."

Fetur ya narkar da man, baƙin duk ya bi tsumma.

"Mi ta yi maka?" na ce.

"Ai sai in bi maki layin da baƙin fenti."

"Tafi ka bi ƙofofin mutane."

Na gwada da kaina, man kaɗanya da baƙin tukunya. Tsagar ta cinye da tsufa, dabbare-dabbare kawai na yi.

Yanzu in na ce wa yara da akwai zabi a jikinta, sai su karkata ta ga rana, su ce, "To, Hajiya." Cikin waɗanda suka ga aikin kakata, mu biyu muka rage: ni, da ƙanwar mijina a Damari. Ita kuwa idonta ya tafi tun bara.